TALLAN TUFAFI DA MUTUNCIN MACE A MUSULUNCI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. 

Darasinmu na wannan mako ya shafi 'yan kasuwa da teloli. Duk wanda ya zaga shagunan tufafi a Dutse ko Kiyawa gab da Salla ya san yadda talla ta canja. A da sai a rataye atamfa a ƙofar shago. Yau kuwa hoton mace ake liƙawa, ko a ɗora shi a Facebook, sau da yawa ma ba da izininta ba, domin surarta ta jawo masu saye.

A shekarar 2021 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta hana tallata kaya da mutum-mutumi, sai fa an cire kansa an kuma suturta jikinsa. Hatta a Ingila, tun watan Yunin 2019 hukumar kula da tallace-tallace ta hana tallan da ke ɗora wa mace ko namiji wata siffa mai cutarwa saboda jinsinsu. Dalilan sun bambanta, amma darasin ɗaya ne: ba kowace hanyar neman riba ce ta dace ba.

Alƙur'ani ya riga ya shimfiɗa mana ƙa'ida. Aya ta 70 ta Suratul Isra'i ta tabbatar da cewa Allah Ya girmama ɗan Adam, ba ta ware namiji ba. Aya ta 26 ta Suratul A'arafi ta nuna amfanin tufa biyu ne, watau suturta al'aura da ado. Saboda haka tallata ado halal ne. Abin ƙi shi ne a mai da jikin mace haja.

Sai mu lura kuma, a Suratun Nur an fara umartar maza da runtse idanu a aya ta 30, kafin a umarci mata a aya ta 31. Ashe kuskure ne mu ɗora wa mata laifin duka, alhali sau da yawa namiji ne ya ɗauki hoton, shi ne kuma ya ci ribar.

To, malam tela, kafin ka ɗora hoto, nemi izinin mai shi, sannan ka tambayi kanka: da 'yarka ce, ka yarda? In ba ka yarda ba, nuna ɗinkin kawai, ai ya isa talla.

Allah Ya azurta mu da halal, amin.