Shirin Jarrabawar Adabin Turanci: Bambancin Maimaita Labari da Feɗe Shi

Gabatarwa

Adabin Turanci yana cikin darussan da ɗaliban sashen fasaha suke zama wa jarrabawa a ƙarshen karatun sakandare. Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, wadda aka kafa a 1952, ita ce take shirya ta a Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Sakamakon da ake ƙidayawa a matsayin kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6, kuma jami'o'i da yawa ba sa ɗaukar ɗalibi a fannin Shari'a ko Turanci sai yana da kiredit a wannan darasi. Ke nan faɗuwa a cikinsa tana iya jawo wa yaro zaman gida na shekara guda.

Abin mamaki shi ne, sau da yawa akan sami ɗalibin da ya karanta littattafan da aka sa masa tun daga bango har bango, amma ya fito da sakamako maras kyau. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa babban dalilin haka shi ne maimaita labari a wurin da aka nemi feɗe shi. Za a kuma nuna cewa ɗalibin da ya yi nazarin adabin Hausa yana riƙe da wuƙar da ake yin wannan fiɗa da ita.

Tsarin Jarrabawar

A tsarin da aka bi daga 2021 zuwa 2025, jarrabawar takarda uku ce. Ta farko tambayoyi 50 ce na zaɓen amsa, a cikin awa ɗaya, kuma ta ƙunshi sanin adabi gaba ɗaya, da zube da waƙar da ɗalibi bai taɓa gani ba, da wasan Shakespeare guda. Ta biyu ta ƙagaggun labarai ce, inda ake amsa tambaya biyu cikin awa ɗaya da minti 15. Ta uku ta wasan kwaikwayo da waƙa ce, inda ake amsa tambaya huɗu cikin awa biyu da rabi.

In aka yi lissafi za a ga cewa insha'i shida ake nema, kuma kowanne bai sami fiye da kimanin minti 37 ba. Wanda ya tsaya zayyana labari tun daga farkonsa, lokaci zai ƙare masa bai kai ga abin da aka tambaye shi ba. Bugu da ƙari, mai duba takarda ya riga ya san labarin. Abin da yake nema shi ne ya ga yadda ɗalibi ya fahimce shi.

Kayan Aikin da Ɗalibi Yake da Su

A darasin Hausa an saba wa ɗalibi da raba nazarin littafi zuwa jigo, da warwarar jigo, da zubi da tsari, da salo da sarrafa harshe, da taurari. A ɓangaren waƙa kuwa an koya masa kamance da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa. Waɗannan su ne dai abubuwan da ake tambaya a Adabin Turanci, sunayensu kawai suka sauya. Ɗalibin da ya iya bayanin yadda Malam Zurƙe yake fito da halin Alhaji Imam a Ruwan Bagaja, ya riga ya san yadda ake auna tauraro da abokin karawarsa. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi sunayen da Turanci, ya kuma saba yin bayanin da shi.

Misali Daga Wasan Kwaikwayo

The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, wanda aka buga a 1963, yana cikin littattafan da aka sa daga 2021 zuwa 2025. An kasa shi gida uku: safe da rana da dare. A ƙauyen Ilujinle mutum biyu suke neman budurwa mai suna Sidi. Akwai Lakunle, matashin malamin makaranta wanda ya ƙi biyan kuɗin aure don yana ganinsa rashin wayewa, akwai kuma Baroka, dattijon da yake sarautar garin. Daga ƙarshe Baroka ne ya same ta.

A ɗauka an tambayi ɗalibi ya tattauna ra'ayin da yake cewa nasarar Baroka nasara ce ta gargajiya a kan zamani. Mai maimaita labari zai fara da yadda Sidi ta fito ɗauke da bokitin ruwa, ya bi fitowa bayan fitowa har ya kai ga ɗaurin aure. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma bai amsa tambaya ba.

Mai feɗe labari kuwa zai fara da matsayinsa, alal misali ya ce ra'ayin yana da ƙamshin gaskiya, amma bai cika ba. Sa'an nan ya kawo hujjoji. Na farko, Baroka bai ƙi zamani ɗungurungum ba. Ya ba safiyo toshiyar baki don a kauce wa garinsa da layin dogo, amma shi ne kuma ya mallaki injin buga kan sarki, har ya yaudari Sidi da alkawarin sa hotonta a kai. Watau yana karɓar baƙon abu in zai ƙara masa iko, yana korarsa in zai rage masa. Na biyu, wayewar Lakunle ta fatar baki ce, daga ƙamus yake kwaso manyan kalmomi. Da ya ji Sidi ta rasa budurcinta, sai ya ce zai aure ta ba tare da biyan komai ba, ya fake da al'adar da yake zagi. Na uku, da dabara Baroka ya ci nasara, domin ya yi wa uwargidansa Sadiku ƙaryar cewa ƙarfinsa na ɗa namiji ya ƙare, yana sane da cewa ba za ta riƙe sirrin ba. Daga waɗannan ɗalibi zai iya kammalawa da cewa wayo ne ya ka da wauta, kowanne kuwa ya ci daga gargajiya, ya ci daga zamani.

Ginin Insha'i

Daga wannan misali ana iya fitar da matakai huɗu. Na ɗaya, ɗalibi ya karanta tambaya sau biyu, ya ja layi ƙarƙashin abin da aka umurce shi da yi, domin tattaunawa dabam take da kwatantawa. Na biyu, ya ware kamar minti biyar ya jera batutuwa uku ko huɗu a gefe. Na uku, kowane sakin layi ya ɗauki batu guda: a faɗi batun, a kawo abin da ya faru a littafi don shaida, a kuma bayyana yadda shaidar ta danganci tambaya. Wannan bayani na ƙarshe shi ne ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali kuwa shi ne fiɗar. Na huɗu, kammalawa ta koma kan tambaya, kada ta buɗe sabon zance.

Haka abin yake a waƙa. Bai wadatar ba a ce mawaƙi ya yi amfani da mutuntarwa. Dole a nuna inda take, da abin da ta ƙara wa jigo.

Dangane da shiri tun kafin ranar jarrabawa, littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a kasuwa ba sa maye gurbin littafi na ainihi, domin ƙananan shaidu irin injin kan sarki su ne taƙaitawa takan zubar. Ya kamata a karanta kowane littafi aƙalla sau biyu, na farko don sanin labari, na biyu da alƙalami a hannu, ana tattara shaidu a ƙarƙashin kowane tauraro da kowane jigo. Bayan haka sai a riƙa ɗaukar tsofaffin tambayoyi ana amsawa da agogo a gaba.

Kammalawa

An ga cewa sanin labari tsani ne kawai, maki yana ga matsayi da hujja da sharhi. An kuma ga cewa hanyar nazarin adabin Hausa tana aiki a Adabin Turanci. Don haka akwai nauyi a kan ɗaliban wannan sashe, waɗanda da yawansu aji za su koma bayan digiri. In malamin Hausa ya horar da yara su riƙa kare ra'ayinsu da hujja daga littafi, ya kuma zauna da malamin Turanci suka daidaita sunayen da suke koyarwa, to, yaro zai shiga ɗakin jarrabawa da ilmin aji biyu.