Abincin Wani, Gubar Wani

Malaman gobe, ga wani darasi wanda ba safai a kan same shi cikin littafin koyarwa ba, amma ran yaro yana iya ratayuwa a kansa. Wata rana wata uwa za ta kawo maka ɗanta makaranta, ta ce, "Malam, yaron nan ba ya cin gyaɗa, in ya ci sai ya kumbura." To, kada ka zaci shagwaɓa ce ko tsirfa. Ciwo ne na gaske, likitoci suna ce da shi alaji.

Ga yadda abin yake. Cikin jinin ko wane mutum akwai dakaru masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. A jikin waɗansu yara dakarun nan su kan yi kuskure, su ɗauki abinci mai kyau tamkar abokin gaba, su far masa. Garin faɗan nan sai su zubo wani sinadari wai shi histamin, shi ne ke kawo ƙaiƙayi da kumburi. Abincin da ya fi jawo haka shi ne gyaɗa, da madara, da ƙwai, da kifi, da jatan lande, da riɗi, da alkama, da waken soya. Ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa daga wani.

A ƙasarmu gyaɗa ta fi wuyar kauce wa. Dubi yaron da ya zo kasuwar Kafanchan daga Kagoro ko Zonkwa. Ga ƙuli-ƙuli, ga kunun gyaɗa, waɗannan a fili suke. Amma akwai ta a ɓoye cikin yajin tsire, da kwaɗon zogale, da miyar taushe, da ƙosan da aka toya da man gyaɗa na gida. Ko ludayin da aka dama kunu da shi ba a wanke ba ya isa. Ga kuma al'adarmu, ƙin abincin da aka miƙo maka rashin ladabi ne, har babba ya kan ce, "Ci kaɗan ka saba." Wannan kaɗan ɗin ita ce hatsarin.

Alamu su kan bayyana daga minti kaɗan zuwa awa 2 bayan cin abincin: borin jini, kumburin leɓe da idanu, amai, ciwon ciki. Mafi muni kuwa, harshe da maƙogwaro su kumbura, murya ta dushe, numfashi ya yi wuya, yaro ya galabaita ko ya suma. In ka ga haka, kada ka tsaya ɗura masa manja ko madara. Kwantar da shi ka ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya tsananta, zaunar da shi, amma kada ya miƙe tsaye. Maganinsa allurar adiranalin a tsokar cinya, nan da nan. Saboda haka a gaggauta kai shi asibiti mafi kusa. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta buɗe maƙogwaro.

Iyaye fa lalle su buɗe baki. A 2016 wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15 ta rasu bayan ta ci burodi mai riɗi a ciki, ba a kuwa rubuta haka jikin takardar da aka naɗe shi ba. Iyayenta ba su yi shiru ba, suka yi ta kai kuka ga hukuma, har a watan Oktoba 2021 Dokar Natasha ta fara aiki, wadda ta tilasta wa masu naɗe abinci a kantinsu rubuta dukan abin da ke ciki. Mu nan mai tallan ƙosai ba ta da takarda. Bakin uwa da idon malami su ne takardar.

Don haka malami ya rubuta sunan yaro da abin da ba ya ci cikin rajista, ya sanar da hedimasta da masu dafa abinci da masu talla a bakin makaranta. Ya koya wa yaro cewa, "Na gode, Baba, likita ya hana ni." Ya hana musayar abinci lokacin tara, ya kuma tsawata wa masu yi masa ba'a.

Sa'an nan kada tsoro ya sa a hana wa lafiyayyun jarirai gyaɗa. Binciken da aka yi a Landan, aka buga a 2015, ya nuna ba su ita da wuri, a dame ba ƙwaya ba, yana rage ciwon ƙwarai. Wanda ya riga ya kamu kuwa, likita kaɗai zai ce a sake gwadawa.

Tambaya: lissafa abinci 5 na garinku da gyaɗa ke ɓoye ciki. Me za ka fara yi in muryar yaro ta dushe bayan cin tsire?