Girki Gado Ne, Ko Kuwa Koyo?

Ya kai mai karatu, lalle ka sha jin an ce wance tana da hannu, wance kuwa ba ta da shi. Watau ita ta farin, ko ruwa da gishiri da ɗan garin kuka ta haɗa, sai ka ji miya kamar an yanka kaza. Ta biyun kuwa, ko cinyar rago a ka ba ta sai ta ɓata ta. Mutane su kan ce abin a jini ya ke, su kawo maka karin maganar nan, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kada ka ɗauki zancen nan wasa, gama ya kan kashe aure. Amare da yawa sun koma gidan iyayensu da hawaye don tuwonsu ya yi gudaji, uwar miji ta riga ta yanke hukunci, ta ce haka Allah ya halicci yarinyar, ba ta gyaruwa. Tun da ya ke abin ya kai nan, ya kamata mu bincika mu ga ko gaskiya ne.

Bari mu soma da rogo, don ƙasar Batsari ta yi suna da nomansa, kai ma ka san daɗin dafaffensa da garin ƙuli-ƙuli. In ka ga yadda ya zauna a gonakinmu, sai ka ce tun zamanin sarakunan Haɓe na Katsina ya ke nan. Alhali kuwa baƙo ne. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ya ke, wajen ƙasar Birazil. Ba a san shi a wannan ɓangare na duniya ba, sai bayan da Kolumbus ya ƙetare teku a shekarar 1492. Turawan Fotugal ne su ka kawo shi gaɓar Afirka cikin jiragen ruwa a ƙarni na 16, sa'an nan ya yi ta gangarowa cikin ƙasa sannu a hankali. Haka masara, da gyaɗa, da dankali, da tumatir, da barkono: duk daga nahiyoyin Amurka su ka fito. Ka duba tukunyar miyar gidanka, ka cire waɗannan, ka ga abin da ya saura. Yau Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo. To, jinin wa a ka gada wajen sarrafa shi?

Ga abin da ya sa na ke so ka tsaya a kan rogo. A cikinsa akwai guba, masana su na kiranta sayanayid. Kowane irin rogo yana da ita, sai dai wani ya fi wani. Irin namu mai zaƙi, wanda a ke dafawa a ci, tasa kaɗan ce, yawancinta kuma a ɓawo ta ke. In an fere shi, an yanyanka, an dafa da ruwa mai yawa, an zubar da ruwan, ba kome. Amma mai ɗaci, irin wanda a ke garin kwaki da shi, gubar ta ratsa shi duka, dahuwa kaɗai ba ta isa. Sai an fere, an jiƙa shi kwana uku zuwa biyar, an shanya ya bushe ƙarau. Ko kuwa a goge shi, a zuba a buhu, a danne da dutse ruwan ya tsane ya yi tsami, sa'an nan a soya. Makiyayan bakin dajin Rugu sun san wannan guba ko da ba su san sunanta ba, domin irinta ce ke cikin gyauron dawa, wanda ya kan kā da saniya nan take in ta ci shi a shekarar fari.

Mutanen Amurka ta Kudu sun yi shekaru dubbai kafin su ka gwanance da wannan aiki. Da itacen ya ƙetaro, sanin bai ƙetaro tare da shi gaba ɗaya ba. Yin garin kwaki bai yaɗu sosai a wajen Ikko da Dahome ba, sai a ƙarni na 19, sa'ad da 'yantattun bayi su ka komo daga Birazil su ka koya wa mutane. Inda a ka yi sakaci da sanin kuwa, an ji jiki. A shekarar 1938 wani likita, Giovanni Trolli, ya ba da labarin wata cuta a ƙasar Kwango, ana ce da ita konzo: mutum ya kwanta lafiya, ya wayi gari ƙafafunsa sun sandare, ba su kuwa sakewa har abada. A 1981 a ka yi fari a lardin Nampula na ƙasar Mozambik, kome ya ƙone sai rogo mai ɗaci. Yunwa ta hana mutane jiran kwanakin da ya kamata, su ka riƙa ci bai gama tsarkaka ba. Fiye da mutum 1,000 su ka shanye, yawancinsu mata da yara. Ka ga ke nan, harshe ya iya gaya maka abu na da ɗaci, amma ba ya gaya maka kwana nawa za ka jiƙa shi. Wannan sai an koya maka.

Kada ka ce na hana halitta rabonta. Tana da shi, sai dai bai kai yadda a ke zato ba. Jariri tun ran da a ka haife shi yana son zaƙi, yana yamutsa fuska in ya ji ɗaci, ba wanda ya koya masa. Harsuna kuma ba ɗaya ba ne. A 1931 wani masanin haɗa magunguna a Amurka, Arthur Fox, yana zuba wani gari a kwalba, ƙurarsa ta tashi. Abokin aikinsa ya ce ɗaci ya dame shi, shi Fox kuwa bai ji kome ba. Da a ka gwada mutane da yawa, sai a ka tarar waɗansu na jin ɗacin, waɗansu ba sa ji, abin kuwa gadonsa a ke yi daga iyaye. Haka wani ya fi wani hanci. Mai irin wannan baiwa ya kan riga 'yan'uwansa gane gishiri ya yi kaɗan, ko miya ta soma kamawa. Iyakar abin ke nan. Ko son abinci ma sabo ne: baƙon da bai taɓa jin warin daddawa ba ya kan toshe hanci, kai kuwa in ka jiyo shi sai yawunka ya tsinke.

To, ina hannun nan ya ke fitowa? Ka zauna a tsakar gida wata rana ka lura. Yarinya tun tana shekara huɗu ko biyar tana tuwon ƙasa a bakin zaure, da ɗan kasko da tsinke. Kafin ta kai bakwai an soma aikenta: miƙo mara, izo wuta, tsince wake. Daga nan sai surfe, da bakace, da tankaɗe. Tana ganin uwarta ta bar ruwa ya tafasa kafin ta yi talge, ta bar talgen ya nuna kafin ta zuba gari, tana zubawa kaɗan kaɗan tana tuƙi da muciya ba tsayawa, sa'an nan ta rage wuta ta rufe ya turara. Tana ganin yawan kanwar da a ke jefawa, da yadda a ke barbaɗa kuka ana kaɗawa da maburgi don kada ta dunƙule. Ba wanda ya ce mata zo ki ɗauki darasi. Amma ka ƙidaya: tuwon dare kaɗai sau 365 ne a shekara, cikin shekara goma ta ga an tuƙa shi sau 3,650, ta sa hannu a da yawa daga ciki, an kuma yi mata faɗa a kan waɗanda ta ɓata. Ran da ta tare a gidan miji, sai a ce an haife ta da hannu. An manta da shekaru goman.

Ka dubi maza kuma. Mu kan ce fawa sana'ar gado ce, haka ne. Amma ɗan mahauci da a ka raina a gidan malami bai san yadda a ke yanka nama ya yi faɗi kamar takarda don kilishi ba. Yaron da ba ɗan gidan ba kuwa, in ya daɗe a gindin tukuba yana tsire nama yana fifita wuta, sai ya gwanance. Mai shayin tasha ba a gida ya koyi sana'arsa ba. Ɗan ci-rani da bai taɓa riƙe ludayi a garinsu ba, in ya yi wata uku a kudu sai ka same shi yana dafa shinkafa da wake. Kai kanka shaida ne. Ba da daɗewa ba ka ke ganin karatun boko sai waɗanda a ka yi dominsa, ga shi yanzu kana bin wannan shafi da idonka.

Abin da ya sa zancen nan ya zama na gaggawa a ƙasarmu, ka san shi. A shekarun 2019 da 2020 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a Batsari da Safana, mutane su ka gudo cikin gari, waɗansu har Dutsin-Ma da birnin Katsina. Yarinyar da ta rasa uwarta a wannan tashin hankali, ko ta girma a inda ba murhu sai abin da a ka samu a ka ci, ba ta sami shekaru goman nan ba. In ta zama matarka, ko matar ɗanka, ka sani ba jininta ke da laifi ba. Ka haɗa ta da wata dattijuwa mai haƙuri cikin dangi ko maƙwabta, ka roƙi tsohuwarka ta nuna mata maimakon ta yi mata gori. Ka kuma dubi cefanenka, gama ba gwanar da za ta fitar da romo daga tukunyar da ba a sa kome a ciki ba.

In kuwa shekara ta yi wuya, a ka kawo muku wani irin rogo da ba ku saba da shi ba, kada ka bar yara su ci shi ɗanye, kada kuma a ba dabbobi ɓawonsa sai ya bushe. A ɗanɗana ɗan kaɗan a bakin harshe a tofar. In an ji ɗaci, a fere shi, a yanyanka, a nutsar da shi cikin ruwa, a ƙidaya masa kwanakinsa cif, ko da yunwa na matsawa, sa'an nan a zubar da ruwan nesa da inda awaki ke sha.