Mai mura ba ya hawa wurin biri mai ganga

Shekara tara ke nan ina kai mutanenmu yawon buɗe ido Gabashin Afirka, amma ban taɓa jin takaici irin na wata safiya a dutsen Mahale na Tanzaniya ba.

Mu shida ne. Daga Arusha ƙaramin jirgi ya ɗauke mu, daga inda ya sauke mu kuma sai kwalekwale mai inji a Tafkin Tanganyika, don mota ba ta zuwa can. Tun a kan ruwa na lura wani Alhaji a cikinmu yana yawan kai hankici hanci. Da na tambaya ya ce, "Sanyin jirgi ne kawai, Malam." Da gari ya waye ma'aikacin gandun ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko akwai mai tari ko mura. Alhaji ya girgiza kai.

Awa uku muna hawa, mun jiƙe sharkaf da gumi, masu bin sawu suna ta magana a oba-oba. Can sai muka ji dum-dum-dum, wani ƙaton namijin cimfanzi yana dukan saiwar bishiya da hannu da ƙafa. Saboda wannan kiɗan ne a Gashaka ta jihar Taraba ake ce wa cimfanzi biri mai ganga. Muka ɗaura takunkumi, muka tsaya inda aka nuna mana. Wata uwa tana zaune a ƙasa, ɗanta yana wasa da yatsun ƙafarta, yana leƙo mu ta ƙarƙashin hammatarta. Hankalina yana kansu, ban ankara ba Alhaji ya sulale ya matsa har bai fi taku huɗu tsakaninsu ba, ya ja takunkumin zuwa haɓa, ya ɗaga waya. Sai atishawa, biyu a jere, fuskarsa na kallonsu. Uwar ta suri ɗanta ta shige duhuwa.

Ma'aikacin bai ɗaga murya ba, hanyar gangara kawai ya nuna mana. Minti 20 muka samu cikin awa ɗayan da ake bayarwa.

A masauki na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa ka ɓoye mana?" Ya zaro katin maganin mura, saura ƙwaya biyu. Wai dillalin da ya haɗa shi da ni ne ya ce masa a waya ya sha magani ya yi shiru, in ya faɗa kuɗinsa sun tafi. Dillalin nan ko daji bai taɓa takawa ba. Irinsu sun cika sana'ar yanzu, hoto suke tallatawa a Facebook, su karɓi la'ada, sauran kuma oho.

A wannan dajin na Mahale, a 2006, wata cuta mai kama da mura ta shiga garken da masu bincike na Jami'ar Kiyoto suke bi tun shekarun 1960, ta tafi da kusan 12, yawancinsu ƙanana. Bayan nan ne aka tilasta takunkumi. A Kibale ta Yuganda, a 2013, ƙwayar murar mutane da muke rainawa ta kashe cimfanzi biyar. Macen cimfanzi kuwa sai ta yi wajen shekara biyar kafin ta sake haihuwa.

Mai mura ba ya hawa. Magani yana tsayar da majina ne, ba ya hana ka yaɗa cutar. Kuɗinka ba su sayi lafiyar ɗan birin nan ba.

Mita 10 aka ce, ku tsaya a mita 10. In birin ne ya nufo ku, ku ja da baya a hankali, kada ku ruga. Ba a cin abinci a gabansu, ba a tofar da yawu, ba a kwaikwayon kukansu, filashin waya a kashe. Yaron da bai kai shekara 12 ba a bar shi a masauki, ku daina roƙona a kan wannan. Takunkumi kuma ya rufe hanci da baki, wanda ke rataye a haɓa ado ne. Na sake faɗa, in ka tashi da maƙogwaro yana ƙaiƙayi, ka gaya wa jagora tun kafin a ɗaure takalmi. Mu kan yi ƙoƙarin sauya maka rana.

Makonni na yi bayan mun dawo ina aika wa wani mai bin sawu saƙo, ina tambayar ko an ji tari a garken. Kullum hannuna na rawa nake buɗe amsar.