Zufa da Warin Jiki

Mu mutanen Shinaka mun san zafi. Daga watan Maris zuwa Mayu, watau bazara, zafin ƙasar Sakkwato ya kan wuce ma'auni 40. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, noman rani ya ƙaru. Muna yini a fadama kan albasa da tafarnuwa da shinkafa, zufa tana zuba. Wasu su ce zufa, wasu gumi, wasu jiɓi. Duk abu ɗaya ne.

Zufa ba cuta ba ce. Kun san yadda randa ke tsattsafo, iska ta busa, ruwan ciki ya yi sanyi? To, haka jikinmu yake. A fatarmu akwai 'yan ƙofofi fiye da miliyan 2 da ke fid da zufa. In ta bushe, sai jiki ya huce. Mai aiki cikin rana ya kan zubar da zufa lita 1 cikin awa guda, wani lokaci ma fiye. Saboda haka kada mu jira sai ƙishirwa ta matsa mana. Mu riƙa shan ruwa mai tsabta a kai a kai.

To, daga ina wari ke zuwa? Sabuwar zufa ba ta da wari. Amma akwai ƙwayoyi ƙanana a kan fata, ido ba ya ganinsu. Sun fi yawa a hammata da matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa. Zufar hammata tana da maiƙo, ita ce abincinsu. In sun ci, abin da suka bari shi ke wari. Mai warin kuwa ba ya ji, na kusa da shi ke ji. A sahun masallaci ko cikin motar kasuwa sai a riƙa matsawa, ba mai faɗa masa don kunya.

Ga abin da za mu yi:

1. Mu yi wanka da sabulu da soso kullum, da bazara sau biyu. Sabulun salo ma ya isa. Mu cuɗa hammata da matsematsi sosai.

2. Mu tsane jiki kafin mu sa riga, gama ƙwayoyin nan suna son laima.

3. Mu aske gashin hammata, domin shi ke riƙe zufa. Addini ma ya hore mu kada mu bar shi ya wuce kwana 40. Kowa ya yi da rezarsa, ban da aro.

4. Mu ware rigar gona dabam. A wanke ta, a shanya a rana ta bushe sarai. Wanka ba ya amfani in an mai da riga mai dauɗa. Tufar auduga ta fi ta roba shan iska.

5. Alif ɗin da mu ke tace ruwa da shi yana rage wari. A jiƙa shi, a goga a hammata bayan wanka. Kada a goga a kan rauni ko sabon aski.

Turare a kan dauɗa ba magani ba ne, wari biyu ke nan. Ku lura kuma, ɗanyar albasa da tafarnuwa in sun yi yawa, warinsu ya kan fito cikin zufa da numfashi.

Akwai mutanen da tafin hannunsu da na ƙafarsu ke zuba ko da hunturu. Wannan ba sammu ba ne, ba kuwa ƙazanta ba. Sau da yawa gado ne. Kada mu yi musu ba'a. Likita yana da maganin shafawa da ke rage ta.

Amma akwai zufa iri uku da ba a wasa da su. Ta farko, zufar dare mai jiƙa tabarma, tare da rama da tari na mako 2 ko fiye. Mai yiwuwa tarin fuka ne. Gwaji da magani kyauta ne a asibitin gwamnati, ana shan maganin wata 6 ba fashi. Ta biyu, zufa bayan rawar ɗari da zafin jiki. Wannan alamar zazzaɓin cizon sauro ce, a je a auna jini. Ta uku, mutum yana aiki cikin rana, jiri ya ɗebe shi, jiki ya yi zafi ƙwarai, hankali ya gushe. A kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, sa'an nan a garzaya da shi asibitin Goronyo, ko Wurno, ko Rabah, wanda ya fi kusa.

Tambayoyi

1. Mene ne amfanin zufa?
2. Me ke kawo warin hammata?
3. Wace zufa ce za ta kai mu asibiti?

Ku rubuta a littattafanku: Rigakafi ya fi magani.