Rabin Makin da Ya Hana Ka Cin Tuwo

Jikana, zo ka zauna. Mahaifiyarka ta ce tun da ka dawo daga gasar darar ces ka ƙi cin tuwo, wai don wasanka na ƙarshe ya tashi kunnen doki alhali kana da sarauniya, abokin karawarka kuwa sarki kaɗai ya rage masa.

Yaron nan bai cuce ka ba. Doka ce tsohuwa: idan juyin mutum ya zo, ba a kai wa sarkinsa hari ba, amma duk gidan da zai taka akwai hari, kuma ba shi da wani ɗa da zai motsa, wasa ya ƙare, kowa ya ɗauki rabin maki. Ya ga komai ya tafi, bai miƙa hannu ba. Ya ja sarkinsa lungu yana jiran ka yi garaje, kai kuma ka yi. Juriya ce, ka yaba masa.

Canjaras ba abin kunya ba ne. A 2018, a Landan, Magnus Carlsen na Norwe da Fabiano Caruana na Amurka sun kara sau 12 a kan kambun duniya, ba wanda ya ci ko ɗaya, sai a wasannin sauri Carlsen ya yi nasara. Wanda aka yi ta surutu a kansa shi ne na 12, inda Carlsen ya nemi a tashi alhali shi ke da rinjaye. Irin wannan nake ji maka tsoro. Shi yana da lissafinsa. Kai mai koyo ne, idan ka saba neman sulhu don gabanka ya faɗi, yaushe za ka iya ƙarasa wasa? Naka na jiya ka buga shi har ƙarshe, shi ya sa bai dame ni ba.

Ga gyaran. Ka riƙa matse sarkinsa da sarauniya har bakin allo, ka bar masa gida biyu da zai yi ta kai da komo. Daga nan ka ƙyale ta, ka taho da sarkinka a hankali, don ita kaɗai ba ta kamawa. Kafin ka taɓa ɗa, ka duba ina nasa sarkin zai taka.

Gobe ka nemi yaron da takardar da kuka rubuta wasan, ku sake jera shi tun daga farko, ka tambaye shi a ina ya fara sa rai. Yanzu tashi ka wanke hannu, Allah ya yi maka albarka.