Yaya ake auna jarin da ƙasashen waje ke zubawa?

Mai sauraronmu daga Sara, ƙaramar hukumar Gwaram, yana tambaya: yaya ake auna jarin da wata ƙasa ta zuba a wata?

To Malam, in Ba'indiye ya turo dillali kasuwar Sara ya loda buhunan riɗi, ciniki ya yi, ba a sa shi a wannan lissafi. Sai in ya kafa injin tace riɗin, ko ya mallaki aƙalla kashi 10 cikin 100 na hannun jarin kamfanin da ke nan. Ma'aunin Asusun Lamuni na Duniya ke nan. Ribar da ya bari a kamfanin ma ana ƙirgawa.

A Nijeriya, bankin da kuɗin suka shigo ta hannunsa ke ba da takardar shaida, Babban Banki ya tattara, Hukumar Ƙididdiga ta fitar da rahoto duk wata 3.

Amma lissafin na da gardama. Kamfani kan biyo da kuɗinsa ta Mauritius ko Holan don sauƙin haraji, sai a rubuta can suka fito. Sau da yawa kuma, masana'anta na Jigawa, ofishinta na Legas, sai Legas ta kwashe lambar.